Corolla 2006 da ta faɗi gwajin hayaƙi a Kalifoniya: yadda aka bi sawun wutar cek har ta wuce

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, mai inji 1ZZ-FE na lita 1.8 da giya otomatik, ta ci sama da kilomita 250,000. Rajistarta ta jihar Kalifoniya ce a Amurka, inda motar fetur da ta haura shekara takwas sai ta yi gwajin hayaƙi duk bayan shekara biyu kafin a sabunta mata takardu. Sunan gwajin a can Smog Check. Matsalar da ta same ta sananniya ce a wannan ƙirar, kuma alƙaluman da za a kawo a ƙasa su ne irin waɗanda sikana, wato na'urar karanta bayanan kwamfutar mota, ke nunawa idan mota na ɗauke da wannan lalura.

Wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke dashbod, ta kama ne da shigowar sanyi. Motar na tafiyarta lafiya, sai dai da safe takan ɗan yi rawa a sulo na minti biyu ko uku kafin ta daidaita. Mai motar ya sa ƙaramar sikana ya ga lambobin matsala biyu, P0171 da P0420, ya rubuta su a takarda. Ana gobe gwaji sai ya cire kan batir ya mayar, wuta ta mutu. Washegari aka kai ta tashar gwaji ta faɗi, alhali babu wuta a dashbod, babu kuma wanda ya sa mata na'ura a salansa. Bayan 'yan kwanaki wutar ta dawo abinta.

Dalilin faɗuwar farko

Tun daga 1996 duk ƙaramar motar da ake sayarwa a Amurka tana ɗauke da tsarin OBD-II, mai soket na fil 16 a ƙarƙashin sitiyari. A Kalifoniya, motar fetur ƙirar 2000 zuwa sama ba a auna hayaƙin salansarta. Ana jona na'urar hukuma ne da wannan soket, a tambayi kwamfutar motar abin da ta sani game da kanta. Tambayar ba ta tsaya kan ko akwai lambar matsala ba. Ana kuma tambayarta ko ta gama gwaje-gwajen da take yi wa sassanta.

Gwaje-gwajen nan iri biyu ne. Uku suna gudana koyaushe muddin inji na aiki: na misin, wato silinda ta kasa ƙone fetur ɗinta, na daidaiton fetur, da na lafiyar sensoci da wayoyinsu. Sauran kuwa sai sharuɗɗansu sun cika suke gudana, sau ɗaya a tafiya. A wannan Corolla guda huɗu ne: na tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai a Najeriya ke kira indomi, na sensocin iskar oksijin, na hitar da ke ɗumama sensocin, sai na tururin fetur, wanda sikana ke rubutawa EVAP. Injin 1ZZ-FE ba shi da bawul ɗin mayar da hayaƙi cikin inji, saboda haka babu wannan gwajin a jerinta.

Da an cire batir, ko an goge lamba da sikana, duk huɗun nan sukan koma matsayin ba a gama ba. Da gangan aka tsara shi haka, don kada a riƙa goge wuta a bakin ƙofar tasha. Ƙa'idar da Kalifoniya ta fara aiki da ita a 2015 ta yafe wa motar 2000 zuwa sama gwajin EVAP kaɗai idan bai kammala ba, motar 1996 zuwa 1999 kuma aka yafe mata guda ɗaya kowanne ne. Ana ta ƙara tsaurara waɗannan ƙa'idoji, don haka abin da ya fi shi ne a je da duka a kammale.

Cire batir ya jawo asara ta biyu wadda ta fi faɗuwar ciwo. Duk lokacin da kwamfuta ta ajiye lamba, takan ajiye da hoton halin da inji ke ciki a daidai wannan lokacin: zafin ruwa, juyin inji, gudun mota, nauyin da inji ke ja. Hoton da ke tare da P0420 ya tafi, ba kuma zai dawo ba sai matsalar ta sake bayyana. Duk wanda ya ga wutar cek, kafin ya taɓa komai ya ɗauki hoton allon sikanar da wayarsa, lambobin da kuma wannan bayanin. Minti ɗaya ne, amma yana rage wa makanike aikin yini.

Abin da sikana ta nuna da motar ta iso gareji

Lamba ɗaya ce a ajiye, P0171, wato iska ta rinjayi fetur a cakuɗar da ke shiga inji. P0420 ba ta dawo ba. Mai motar ya ɗauka ta warke, amma jerin gwaje-gwajen ya nuna na tukunya bai gudana ba ko sau ɗaya. Kwamfutar Toyota ba ta gwada tukunya muddin akwai P0171 ko lambar misin a ajiye, domin ba za ta iya yanke wa tukunya hukunci da hayaƙin da ita kanta ba ta yarda da shi ba. Wannan shi ya tsara aikin: P0171 tukuna, tukunya daga baya. Wanda ya fara da sayen tukunya, wadda ita ce mafi tsada a duk lissafin, ya sayi abin da bai tabbatar ya lalace ba, ya kuma ɗaura ta a bayan injin da ke iya lalata ta.

Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Kwamfuta tana auna iskar da ke shiga da iyafulo mita, ta lissafa fetur ɗin da nozul zai fesa, sannan sensar da ke gaban tukunya ta gaya mata ko lissafin ya yi daidai. Idan bai yi ba sai ta ƙara ko ta rage. Wannan gyaran sikana ke nunawa a layi biyu, STFT na nan take da LTFT wanda kwamfuta ta koya ta riƙe. Haɗa su ake yi. A lafiyayyen inji jimlar ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Toyota tana ajiye P0171 idan jimlar ta kai wajen ƙarin kashi 35, wutar kuma ba ta kamawa sai an ga haka a tafiya biyu a jere.

Lambar ba ta faɗi dalili ba. Abubuwa huɗu ne ke yawan kawo ta: iska na kutsawa ta bayan mita ba a auna ta ba, mita ta yi datti tana rage lissafi, fetur ba ya zuwa da ƙarfi, ko sensar gaba na ƙarya. Ana rarrabe su ba tare da an kwance komai ba, ta kallon yadda jimlar ke canzawa idan an taka totur.

A wannan motar, da safe a sulo jimlar ta haura ƙarin kashi 30. Da aka riƙe inji a juyi 2,500 ta sauko ƙasa da 10. Da inji ya yi zafi sosai, ko a sulo ta ragu zuwa wajen 15. Hoton da ke tare da lambar shi ma ya nuna mota a tsaye, inji a sulo. Wannan sawun yoyon iska ne. A sulo bakin totur kusan a rufe yake, inji na zuƙa da ƙarfi, iskar da yake sha kuwa kaɗan ce, kusan gram 2 a sakan, saboda haka ɗan ƙaramin rami ma babban kaso ne a cikinta. Da an buɗe totur, iskar da ke bi ta mita ta ninka sau uku ko fiye, ta ramin sai ta zama ba komai ba.

Da mita ce ta yi datti, akasin haka za a gani: sulo lafiya, jimlar na hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa. Famfon mai mai rauni ma haka yake, ya fi nuna kansa a hawan tudu ko wajen wuce wata mota. Duk da haka an sa geji an auna ƙarfin fetur, tunda famfon ya tsufa, aka same shi cikin iyakar da Toyota ta gindaya wa wannan inji, 44 zuwa 50 a ma'aunin psi. Sai aka bar batun famfo.

Raguwar matsalar idan inji ya yi zafi ita ta nuna wurin. Manifol ɗin iska na Corolla daga 2003 zuwa 2008 na roba ne, an ɗaure shi a kan inji na alminiyam, da gaskit na roba a tsakaninsu. Gaskit ɗin asali, baƙi, yakan taurare ya kwanta da shekaru. Cikin sanyi sai ya tsuke ya bar kafa, idan zafi ya zo komai ya kumbura kafar ta toshe. Toyota da kanta ta fitar wa dilolinta sanarwar gyara a kan wannan, ta kuma canza gaskit ɗin zuwa wani mai ruwan lemo wanda ya fi jure sanyi.

Ba a kwance ba sai da aka tabbatar. An bar motar ta kwana, da safe aka toshe bakin tiyon iska aka tura hayaƙin gwaji cikin manifol da injin hayaƙi, aka haska da tocila. Hayaƙin ya ɓullo siriri ta ƙarƙashin manifol, daidai inda ya haɗu da kan inji. Da an yi gwajin da zafin inji da wuya a ga komai, kuma nan ne ake yawan kuskure, a ce babu yoyo a koma canza sensa. Wasu kan fesa maganin wanke kafireto a wurin su saurari canjin ƙarar inji. Yana iya nunawa, amma abu ne mai kama wuta kusa da kwayil, kwamfuta kuma takan gyara sulo da sauri har kunne ya kasa kamawa. Wanda zai yi hakan ya kalli STFT a sikana, zai ga ta faɗi nan take idan feshin ya sami ramin. A wannan zaman an duba tiyon da ke zuwa bustar burki, da na bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfi, da babban tiyon da ke tsakanin filta da totur, wanda kan tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Gyaran

Aikin bai fi na awa ɗaya zuwa biyu ba. A cire murfin roba na saman inji da babban tiyon iska. A kwance totur a jingine shi gefe, ba sai an zare tiyoyin ruwan da ke jikinsa ba. A zare ƙananan tiyoyi da maƙalan wayoyi daga jikin manifol, a kwance ƙarfen da ke tallafe shi ta ƙasa, wanda ake yawan mantawa da shi har a yi ta ja ana neman fasa roba. Sannan a kwance notuna a janyo manifol baya. Tsohon gaskit yana cikin kwarminsa, a zaro shi da abin da ba zai karce robar ba. A toshe ramukan kan inji da tsumma mai tsabta kafin a goge fuskar, a kuma ƙirga tsumman a lokacin cirewa. Sabon gaskit a bushe ake sa shi, babu gam. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a yi waje, a zagaye biyu, a ƙare a 30 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm. Wanda ya wuce haka yana iya lanƙwasa robar ya haifar da sabon yoyo. Gaskit ɗin totur shi ma a canza shi, kuɗinsa kaɗan ne.

Tunda an buɗe wurin, an wanke mita. Sukurori biyu ke riƙe da ita. Ɗan ƙwallon nan mai ruwan zuma da ake gani da an ciro ta ba shi ne mai auna iska ba, na zafin iska ne. Siraran wayoyin da ke aikin suna can cikin rami, sai an leƙa. Maganin wanke mita kaɗai ake fesa musu, ba a taɓa su da auduga ko buroshi, a bar su su bushe kafin a mayar. An ciro filogi huɗun an duba, dukkansu iri ɗaya, babu wanda ya jiƙe da baƙin mai, amma bakinsu ya cinye tazarar ta wuce milimita 1.1 da ake so, sai aka sa sababbi na iridiyam irin na asali.

Yanzu ne goge lamba ke da amfani, domin a share tsohon LTFT da kwamfuta ta koya a kan yoyo. Washegari da sanyin safiya jimlar ta tsaya tsakanin 2 da 5 a sulo, rawar nan kuma ta tafi.

Batun P0420

Ma'anar lambar ita ce aikin tukunya ya gaza kai mizani. A cikin tukunya akwai saƙar yumɓu mai ƙananan ramuka, an shafe ta da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, faladiyam da rodiyam. Ba ta fara aiki sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salsiyas. Tana ƙone ragowar fetur da iskar kabon monoksaid, tana kuma warware iskar naitirojin oksaid. Don ta iya haɗa ayyukan nan, a cikin shafen akwai sinadarin da ke ajiye oksijin idan ya yi yawa ya sake shi idan ya yi ƙaranci, kamar rumbu. Kwamfuta ba ta iya auna tsabtar hayaƙi kai tsaye. Girman wannan ajiyar take aunawa.

A Corolla 2006 sensocin biyu, ta gaban tukunya da ta bayanta, ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin sanin haka na sa a zubar da lafiyayyar sensa. Ta gaba mai auna cakuɗa ce, sikana na nuna ta a wajen bolt 3.3, ba ta hawa da sauka kamar tsofaffin sensoci. Idan fetur ya yi yawa lambar ke sauka, idan iska ta yi yawa ta hau. Ta baya ita ce irin ta da, mai wasa tsakanin 0.1 da 0.9. Lokacin gwaji kwamfuta da gangan take ƙara fetur sannan ta rage, ta ga tsawon lokacin da canjin zai ɗauka kafin ya iso sensar baya. Tukunya mai rai takan shanye canjin ta jinkirta shi. Wadda ta mutu kuwa, abin da ya shiga shi ke fita nan da nan.

Ke nan duk abin da ya rikita sensar baya zai iya jawo wa tukunya laifin da ba nata ba. An ɗaga motar da sanyi, aka tayar, aka ɗan danne bakin salansa da tsumma. Sai ga ƙarar tsit-tsit daga mahaɗar manifol ɗin hayaƙi da bututun gaba, inda ake sa gaskit mai siffar zobe da kusoshi biyu masu sifirin. Akwai baƙin tabo na hayaƙi a gefen mahaɗar, sifirin ɗaya kuma tsatsa ta cinye shi ya saki. Mutane kan ɗauka rami a salansa fitar da hayaƙi kawai yake yi. Hayaƙi bugu-bugu yake tafiya, tsakanin bugu da bugu ramin na zuƙo iskar waje. Wannan iskar tana cika ajiyar tukunya da oksijin ɗin da kwamfuta ba ta lissafa da shi ba, awon sai ya fito ƙasa da gaskiya. An canza zoben da kusoshin da sifirin ɗinsu gaba ɗaya. A jiƙa su da man sassauta tsatsa tun da wuri, don karyewa suke yi.

Sannan aka gwada sensocin. Sikanar da ke iya ba Toyota umarni tana da gwajin ƙara fetur da kashi 25 da rage shi da kashi 12.5. Da aka ƙara, ta gaba ta sauka ƙasa da 3.0 nan take, ta baya ta haura 0.55 bayan 'yan sakanni. Da aka rage, ta gaba ta haura 3.35, ta baya ta sauko ƙasa da 0.4, ita ma da jinkiri. Sensocin biyu lafiyarsu ƙalau, jinkirin kuma alama ce cewa tukunya na da sauran rai. A juyi 2,500 da zafin inji, ta baya ta zauna tsakanin 0.6 da 0.8 tana ɗan motsi a hankali. Da tana ta tsalle daga ƙasa zuwa sama ba hutawa, da maganar ta ƙare, tukunya ta mutu ke nan.

Auna zafin gaba da bayan tukunya da bindigar auna zafi, wanda ake yawan dogara da shi, ba hujja ba ce a motar zamani. Kaurin bututu da tsatsa da iskar fanka duk suna canza abin da za a gani. Abin dogaro shi ne sashen da sikana ke kira Mode 6, inda kwamfuta ke nuna sakamakon gwajinta da kuma iyakar da ta sa. A nan ake ganin ko tukunya ta wuce da rata ko da ƙyar.

Da a ce ta gaza, sai an sa wata, kuma a Kalifoniya ba kowace ake karɓa ba. Ko ta Toyota, ko wadda hukumar kula da iska ta jihar, CARB, ta amince da ita ga wannan ƙirar da wannan inji, mai lambar izini a buge a jikinta. Mai gwaji zai leƙa ya karanta lambar ya gwada ta da jerin hukuma. Garantin da dokar tarayya ta wajabta a kan tukunya da kwamfuta shekara 8 ne ko mil 80,000, motar 2006 ta wuce shi tuntuni. Ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa don janye sensar baya daga hanyar hayaƙi yana iya kashe wuta, amma a gwaji ana lissafa shi cikin lalata kayan hayaƙi da gangan, faɗuwa ce kai tsaye, iskar da mutane ke shaƙa kuma tana nan da dattinta.

Kammala gwaje-gwajen kwamfuta

Bayan gyara ba a sake taɓa batir ba, ba a sake goge komai ba. Kafin a fita an tabbatar inji na kai zafinsa. Tamostat ɗin wannan mota yana buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, idan ya maƙale a buɗe ko an cire shi ruwa ba zai yi zafin da kwamfuta ke jira ba, gwaje-gwajen su ƙi gudana, a ƙarshe ta kawo P0128. Wannan ya shafi masu irin motar nan a Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu kai tsaye, inda cire tamostat da haɗa fanka dairek ya zama ruwan dare, sannan a rasa dalilin da ya sa mota ke shan mai wutar cek kuma ta ƙi mutuwa.

An tayar da motar da sanyi, aka bar ta a sulo wajen minti goma, sannan aka yi tafiyar cikin gari sama da kilomita 40 a awa na 'yan mintoci. Wannan ya isa gwajin hita. Daga nan aka hau babban titi aka riƙe gudu tsakanin kilomita 65 da 110 a awa na fiye da minti goma, ƙafa a tsaye a kan totur ba a yi ta dannawa ana saki ba. A nan gwajin tukunya ke gudana. Na sensoci yana buƙatar lokacin da kwamfuta ke yanke fetur gaba ɗaya: a kai mota sama da kilomita 65, a ɗage ƙafa daga totur ɗungum na sakan goma tana cikin giya, a maimaita sau uku. Mai zirga-zirgar cikin gari kaɗai yana iya yin mako biyu bai cika wannan sharaɗi ba. Yawan kilomita ba shi ne ma'auni ba.

EVAP ne ke ba mutane wahala a wannan ƙirar, domin ba a tafiya yake gudana ba. Corolla ta wannan zamani tana da ɗan famfo a jikin gwangwanin gawayin da ke tara tururin fetur, kusa da tanki. Bayan awa biyar da kashe mota kwamfuta kan farka da kanta ta kunna shi, ya zuƙe iskar tanki ta ga ko akwai yoyo. Idan inji bai huce ba takan jinkirta zuwa awa bakwai, ko tara da rabi. Tana son zafin wuri tsakanin digiri 4 da 35, batir mai ƙarfi, da tankin da ba a cika shi maƙil ba. An bar mai a wajen rabi, aka duba robar murfin tanki aka ɗaure shi har ya yi ƙara, aka ajiye motar a inuwa ta kwana ba wanda ya kunna ta. Wanda ya ji gurnani siriri daga ƙarƙashin bayan motarsa da tsakar dare, wannan famfon ne.

Da safe huɗun duka sun nuna an gama. An kuma duba lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda kwamfuta ta gani sau ɗaya ba ta kai ga kunna wuta ba. Babu ko ɗaya. Wannan dubawar ba ta tsallakuwa, domin gwaji na iya nuna an gama alhali sakamakonsa faɗuwa ce, wuta ta kama a tafiya ta gaba, wataƙila a hanyar zuwa tasha.

Ranar gwaji

Mai gwaji yana murɗa makulli ba tare da tayarwa ba ya ga wutar cek ta kama, ya tayar ya ga ta mutu. Motar da aka cire mata ƙwan ko aka liƙe shi a nan take faɗuwa, kwamfuta ma za ta faɗa wa na'ura cewa ta ba da umarnin kunna wuta. Soket ɗin dole ya kasance da wuta a fil na 16, idan fiyus ɗinsa ya ƙone na'ura ba za ta iya magana da mota ba, wannan ma faɗuwa ce. Yana buɗe bonet ya gwada abin da ya gani da takardar bayanin kayan hayaƙi da ke manne a ciki, ya duba tiyoyi da wayoyi, ya nemi ɗigar fetur, ya kalli salansa ko tana fitar da hayaƙin da ido ke gani. Tun 2021 na'urar na duba ko an sauya manhajar kwamfutar da wadda ba a amince da ita ba. Corollar ta wuce.

Da motar ta 1999 ce ko ƙasa da haka, da an sa mata na'ura a salansa, a yankuna masu cunkoso ma a ɗora tayoyinta a kan abin birgima tana gudu a wuri ɗaya, a gudun mil 15 da mil 25 a awa. A can irin gurɓatacciyar iskar da ta yi yawa a cikin hayaƙin ce ke nuna hanya. Ɗanyen fetur mai yawa na nuna misin, filogi ko kwayil ko yoyon iska. Kabon monoksaid mai yawa na nuna fetur ya rinjayi iska. Naitirojin oksaid kuwa zafin ƙuna ne ke kawo shi, daga ƙarancin fetur, ko bawul ɗin mayar da hayaƙi da ya toshe, ko inji mai yawan zafi. Irin wannan mota a kai ta da zafinta bayan tafiyar minti ashirin, kada ta daɗe a kashe a layi. Motocin 2010 zuwa sama kuma suna da lambar da ba ta goguwa da sikana ko cire batir, sai kwamfuta ta sake gwadawa ta gamsu da kanta.

Abu ɗaya ya rage a kan wannan Corolla. Mode 6 ya nuna tukunyar ta wuce, amma ba da rata mai yawa ba, abin da ba mamaki a motar da ta ci wannan tafiya. Abubuwan da za su ƙarasa ta kafin gwaji na gaba sanannu ne. Na farko baƙin mai da ke ƙonewa a cikin inji, domin sinadarin fosfaras da ke cikinsa yana lulluɓe ƙarafan tukunya a hankali. A cika mai daidai layin sama na sandar awo, a sake dubawa bayan kilomita 1,000 a wuri mai daidai da inji a huce, a rubuta abin da ya ragu. Idan yana raguwa sosai a fara da bawul ɗin numfashin inji, mai arha, kafin a yi zancen ringi. Na biyu ruwan lagireto da ke ɓacewa ba a ga inda yake ɗiga ba. Na uku misin, kuma shi ne mai saurin kisa: idan wutar cek ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ɗanyen fetur ne ke zuba cikin tukunya yana ci a can, zafin na iya narkar da saƙar cikin tafiya ɗaya. A sassauta totur, a sami wuri a tsaya, a nemo silindar da ta ɗauke kafin a ci gaba.